Ƙyallen Baffa An-Gwada

Duk wanda ya san Baffa Ɗan'azumi a Haɗeja ya san ƙyallen nan. Wani ɗan yanki ne na farin akoko, kullum yana rataye a kafaɗarsa kamar da shi aka haife shi. In aka miƙa masa ruwa, ko a gidan suna ko a zaman makoki, sai ya nemi wani ƙoƙon, ya shimfiɗa ƙyallen a bakin ƙoƙon, ya tace ruwan a tsanake, ya ɗaga ƙyallen a rana ya duba, sannan ya yi bisimilla. Ku yi dariyarku, ai ba ku ne kuke tsaye a bayansa ba. Ni da ya riƙe tun rasuwar mahaifina, ni na sha kunyar. Kuma ƙyallen nan saura ƙiris ya raba ni da Fanna, kakar yaran nan da ke zaune.

Asalin abin, a zamanin Turawa ne. Baffa yana saurayi ya yi wa wani likita Bature dakon akwatuna, lokacin da suke rangadin ƙauyukan bakin kogi suna duba masu ciwon barci. Wata rana likitan ya ɗiga ruwan kududdufi a ƙarƙashin madubinsa, ya ce wa Baffa ya leƙa. Da ma bai leƙa ba! Baffa ya ce ya ga halittu suna iyo, har da ƙafafu da gashin baki, kuma likita ya faɗa masa su ne suke ɗauke da kurkunu, tsutsar nan mai fitowa a ƙafa ta kwantar da ƙato damina guda. Likita ya koma ƙasarsu ya bar mu da Baffa. Tun daga nan komai na duniya sai an gwada. In ya yanke magana, ya kan rufe da, "An gwada, an gani." Da haka sunan ya bi shi, har yara ba su san yana da wani suna ba.

Da a ruwa abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya tsallaka ya shiga zaman mutane. Ya ce shi ya lura, yawancin faɗa yunwa ce, mai fushi cikinsa ne yake magana. Saboda haka aljihunsa ba ya rabuwa da ƙuli-ƙuli. Ina zaune a rumfata a kasuwa ina taka keken ɗinki, wasu masunta biyu suka kaure a kan koma, kowa ya ce tasa ce. Sai ga Baffa ya ratsa taro, ya danƙa wa kowannensu ƙuli a hannu, ya ce su tauna tukuna. Suka dubi ƙulin, suka dubi juna, suka saki komar suka yi kansa, wai ya mai da su mabarata. Da ƙyar aka ƙwace shi, hula a ƙasa, riga a yage. Ya zo rumfata yana haki ya miƙo mini rigar in ɗinke, fuskar nan cike da murna.

"Ka gani, Habu? Ga shi nan sun shirya."

Na sunkuyar da kai kan keke, na ɗinke rigar.

Babban abin kunyar kuwa yana cikin gida. Baffa da matarsa Inna Kulu akushi ɗaya suke ci. A tsakar gida, da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Kuma sunanta yake kira gatsal, maƙwabta na ji ta katanga: Kulu, zo miya za ta huce. Matan unguwa suka riƙa aiko yara ɗiban wuta don kawai su ga abin al'ajabi. Dattawa suka same shi a ƙofar masallaci suka yi masa nasiha, suka ce ba haramun ba ne amma ba tarbiyyarmu ba ce. Ya ce mai cin abinci shi kaɗai ba ya daɗewa, kuma zai nuna musu. Ya ware akuya ɗaya ya ɗaure a bayan gida, sauran ya bar su tare, harawa iri ɗaya, dusa iri ɗaya. Ta bayan gida ta yi ta kuka, ta rame. Kafin a gama gwajin, kura ta zo ta ɗauke ta.

Baffa ya je masallaci ya ba da sanarwa cewa kaɗaici ya kashe akuya. Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, kura ce fa ta cinye ta."

"Da tana cikin 'yan'uwanta, ai da wata daban kurar za ta zaɓa. An gwada, an gani."

Inna Kulu ta yi kwanaki tana mitar akuyarta, amma ba ta fasa zama a bakin akushin ba.

To, wannan mutumin ne waliyyina, shi zai je ya nemo mini aure. Fanna 'yar Malam Bukar ce na Guri, mai fataucin bandar kifi. Tana biyo shi kasuwar Haɗeja, a rumfata muka fara gaisawa, har magana ta yi nisa. Malam Bukar mutum ne mai ji da kansa, ba ya dariya a gaban na ƙasa da shi. Na san in Baffa ya yi nasa hali a gidan nan, tawa ta ƙare. Na durƙusa na roƙe shi, don girman zumunci, ya bar ƙyallen a gida. Ya yi mini alkawari ba wanda zai ga ƙyalle a kafaɗarsa. Na yi ta godiya kamar wawa.

Farkon damina ne, ruwa ya fara cika fadama, a kwale-kwale muka tafi. Da shi da Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, suka shiga gari da ƙwaryar goro. Ni na zauna a bakin ruwa, tunda saurayi ba ya zuwa wurin neman aurensa. Ban daɗe ba sai na hango Kawu Idi yana tafe da sauri, ƙwaryar goro a kansa, yadda suka tafi da ita, Baffa na biye da shi. Ya shiga jirgi ya zauna, ya ƙi dubana. Sai da muka yi nisa sannan ya ba ni labari.

Ya ce an karɓe su da mutunci, an shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba, dattawan gidan duk sun hallara. Aka kawo ruwan baƙi a sabuwar ƙwarya, Fanna da kanta ta ɗebo. Kawu ya sha ya yi hamdala, ya miƙa wa Baffa. Sai Baffa ya tuɓe hularsa a gaban dattawa, kai a sanƙo, ya zaro ƙyalle daga ciki. Ya cika alkawari, ba a kafaɗa yake ba. Ya tace ruwan surukai a gabansu, ya ɗaga ƙyallen ya nuna musu ɗan dattin da ya rage, ya bi su da shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallan turare. Da ya iso kan Malam Bukar sai ya ga ƙafarsa naɗe da tsumma. Ya ce kurkunu ne ko? Kallo ɗaya ya gane.

Malam Bukar ya ce, "Malam, auren kuka zo nema ko ƙafata?"

Baffa ya ce, "Aure ba ya gudu. Wannan kuwa in ta tsinke a ciki, sai kaka za ka taka."

Aka turo musu ƙwaryar goronsu, ba wanda ya yi musu rakiya.

Duk wannan labarin Baffa yana zaune a gaban jirgi yana shanya ƙyallensa a iska. Wallahi na so jirgin ya kife da ni. Labari ya riga mu isa Haɗeja, don masunta ba su riƙe magana. Na rufe rumfa, na daina fita sai sallah. In na gifta, 'yan mata na ƙus-ƙus, ga ɗan gidan masu tace ruwan surukai. Na daina yi wa Baffa magana sai gaisuwa. Na ji haushinsa har cikin raina, kuma ina son Fanna kamar in mutu.

Ana nan, na wayi gari ba Baffa ba Inna Kulu. Aka ce an gan su a mashigar jirgi da tabarma da tukunya. Guri suka koma! Ya tafi da Inna don, in ji shi, ba zai je wani gari ya ci abinci shi kaɗai ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa a zauren Malam Bukar ya yi sallama, ya ce shi baƙo ne. Baƙo kuwa ba a korarsa, ko da shi ne Baffa.

Sauran labarin daga bakin Fanna na ji. Ya tarar da Malam Bukar a kwance, ƙafa ta kumbura, shinkafarsa ciyawa ta cinye, ana ajiye masa abinci a fita da shi yadda aka kawo. Baffa ya wanke hannu ya zauna a bakin kwanon mutumin da ya kore shi. Malam Bukar ya juya wa bango fuska. Baffa ya ci gaba da ci yana ba shi labarin akuya. Da maigidan ya ga baƙo zai cinye masa tuwo a kan idonsa, sai haushi ya sa ya tashi zaune ya sa hannu. Kullum da safe kuma Baffa ya kama ƙafar nan, ya naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, yana lallashinta kamar amarya. Inna Kulu tana cikin gida da mata, ta yanka musu tsohon mayafinta, kowace randa ta sami ƙyalle. Tsutsa ta fita ba ta tsinke ba. Malam Bukar ya taka ƙafarsa, amma Baffa bai nuna alamar tafiya ba. Ya fara duba haƙoran yaran gidan, yana tambayar maigida da wane suna yake kiran matarsa.

Sai ga manzo daga Guri. Malam Bukar ya ce a turo a ɗaura aure, ya ba ni Fanna, amma da sharaɗi ɗaya: in zo in ɗauke Baffana. Ni dai ba don halina aka ba ni mata ba, kuma duk Guri an san haka. Bayan biki da 'yan watanni, Malam Bukar ya aiko yana tambaya, wai laifin me ya yi wa mutumin nan da ya ɗauke ƙafa.

Shekaru suka tura, Inna Kulu ta rasu. Baffa bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya ɗauki akushin ya koma zaure. Fanna ta zuba tuwo a kai masa, a dawo da shi an ɗan taɓa gefe ɗaya, ɗaya gefen, na Inna, ko yatsa bai sa ba. Ƙuli ya ƙare a aljihunsa bai sayi wani ba. Rigarsa ta fara yi masa yawa, ni na rage masa ita a keke, don haka na sani. Ina gani, ina tuna akuyar nan, amma ɗa ba ya sa hannu a kwanon uba, haka muka tashi. Na sayo masa tsimi da sassaƙe, ya karɓa ya ajiye.

Ran nan da azahar na taho da wasu dattawa biyu abokan cinikina. Muna shiga zaure sai na daskare. Fanna ce zaune a tabarmar surukinta, ta wanke hannu, akushi a tsakaninsu. Fannar da ko hanya ba ta haɗawa da shi sai ta durƙusa, mayafi a fuska. Dattawan suka kau da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kansa Baffa ya ja baya, ido a waje.

"Ke 'yar nan, ba ki da kunya?"

Ba ta ɗago ba. Ta yanki lomar farko daga gefen Inna, ta ce, "An gwada, an gani, Baffa."

Ya daɗe yana kallon hannunta. Sannan ya goge ido da ƙyallen nan da bai taɓa yarda a taɓa masa ba, ya matso. Ranar akushin a suɗe ya koma cikin gida. Unguwa ta yi ta magana, uwar Fanna ta aiko da faɗa daga Guri, ni kuma na sake yin kwanakin da ban iya haɗa ido da mutane. Fanna ta yi kunnen uwar shegu da mu duka. Rigar da na rage sai da na sake buɗe ta. Ya rayu har ya ga Turawa sun naɗe kayansu, ya ga auren babbar 'yarmu, ya tace ruwan waɗancan surukan su ma.

Yanzu tunda kun matsa, bari in faɗa. Ni da Fanna akushi ɗaya muke ci, tun ranar da aka kai Baffa makwancinsa. Sai dai ni har yau sai na sakaya ƙofa. Kullum tana tambayata wa nake ɓoye wa, jikoki ma sun sani. Shi ya iya barin ƙofa a buɗe, ni ban gado ba.

Ƙyallen yana nan a ƙasan adakarta, ya yi laushi, duk ya huje. Allah ya jiƙan Baffa Ɗan'azumi, ya yafe masa, ya yafe mana kunyarsa da muka ji. Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara, wanda ba ya bukatar tacewa, ko da yake na san sai ya laluba hula. Allah ya haɗa shi da Kulu, kada ya bar shi ya ci shi kaɗai. Amin.