Mai Kiran Matattun Wonorawa

Mbah Kasmuri, wato Kaka Kasmuri, bai taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in da 'yan kai tarihin Wonorawa a hannunsa yake. Shi ne mai kula da makabarta, aikin da ya gada wurin ubansa, uban ma ya gada wurin nasa. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a bakin teku, arewacin Jawa, kuma ba mu da wata takarda da ta ce ga wanda ya sari garin. Kaburburanmu ma ba a rubuta musu suna, itace biyu ne kawai, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Sunayen nan ɗari uku da wani abu duk suna wurin Kasmuri.

Sau ɗaya a shekara yake fito da su, cikin watan Sha'aban, ranar da gari ke fita sharar makabarta. Mata su zo da wainar shinkafa da kwakwa a ganyen ayaba, maza su zo da lauje. In an gama nome ciyawa sai Kasmuri ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya fara tafiya. Kowane kabari sai ya tsaya ya kira mai shi, ya faɗi ɗan wane ne, ya ƙara da abin da ya yi wa gari: wannan ya haƙa magudanar ruwa, waccan ita ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Liman na biye da shi da addu'a. Daga sababbin kaburbura yake farawa, ya wuce wata tsohuwar tsamiya da ke cikin makabartar, ya gangara wurin na dauri, ya ƙare a kan mutum bakwai da suka fara kafa bukka. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, kunnenmu na wurinsa amma hankalinmu na kan waina.

Mutum ne mai taurin kai, kuma yana ji da aikinsa. Wani malamin makaranta ya taɓa zuwa da littafi ya ce a rubuta sunayen. Kasmuri ya busa hayaƙin sigarinsa mai kanumfari ya ce masa matattu ba 'yan aji ba ne da za a kira su daga rajista. 'Yarsa Warsini, ita kaɗai Allah ya bar masa, ta sha roƙonsa ya bar ta ta bi shi ta koya. Ya ce aikin maza ne, zai jira jika namiji. Jikokin da suka zo duk mata ne, shi kuma bai sauko ba.

Teku ba ta zo mana rana ɗaya ba. Gonakin shinkafa ta fara sa wa gishiri, aka mai da su tafkunan kifi. Ta haɗiye tafkunan, ta shigo tsakar gida. Kowa ya yi ta cika ɗakinsa da ƙasa har sai da ya zama dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga gidansa. Kasmuri ya yi shekara shida yana jidar ƙasa a kwalekwale yana ɗaga kaburbura, ruwa na kwashewa. Tsamiyar ta bushe, wata damina ta faɗi. Daga ƙarshe gari ya watse, yawancinmu muka koma wani fili can cikin tudu, shi ma Warsini ta ɗauke shi yana faɗa.

Da Sha'aban ya matso, dattawa suka ce ko babu kaburbura a yi addu'ar a sabon masallaci. Warsini ta sayo littafi, ta zaunar da uban a kan tabarma ta ce ya faɗa ta rubuta. Wannan karon bai yi musu ba. Ya kira matarsa, ya kira iyayensa, ya kira waɗanda shi da hannunsa ya binne, sannan ya yi shiru. Ya rufe ido, ya buɗe, ya sake farawa daga farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Baba, ko in dafa maka shayi ka huta?"

"Ba gajiya ba ce, 'yar nan. Ban taɓa faɗar su a zaune ba. Sai na taka wurin sunan yake zuwa."

Haka ubansa ya koya masa, da tafiya, kuma bai taɓa sanin cewa a ƙafarsa haddar take ba sai ranar.

Suka jira safiyar da ruwa ya janye sosai, wani maƙwabci ya kai su a kwalekwale. Tsohon ya ɗaure zaninsa a ƙugu ya sauka inda ƙofar makabartar take a da. Ruwa iya gwiwa. Yana lalube da tafin ƙafa, in ya taɓa guntun itace sai suna ya faɗo bakinsa, har da uban mai shi da aikinsa. Warsini na binsa a baya, littafin a ɗage, tana rubutu tana kuka. Ruwa ya kai cinya, ya kai ƙirji. A daidai inda tsamiya take ƙasar ta zurma, babu abin takawa. Sau uku yana jefa ƙafa yana nutsewa, sai da maƙwabcin ya ciccibo shi da ƙarfi. Na dauri duk suna can gaba, har da bakwai ɗin nan.

Suka kama hanyar dawowa. Sai da suka kusa gaɓa ya dubi 'yarsa.

"Da na bar ki kin bi ni, da yanzu mu biyu ne. Ki yafe mini."

Ta ce ta yafe, amma shi bai yafe wa kansa ba. Aka bi tsofaffin gari gida-gida ko wani ya riƙe wani abu. Wannan ya tuna rabin suna, waccan ta tuna laƙabi, shi ke nan abin da shekarun sauraronmu suka tara. Abin kunya ne, kuma har yau yana ci mini rai.

Ranar addu'a aka shimfiɗa tabarmi a sabon masallaci, aka jera waina. Liman ya karɓi littafin ya karanta suna tamanin da huɗu. Abin da ke cin hantsi guda a da, ko shayi bai huce ba aka kammala. Ya rufe da cewa Allah ya jiƙan sauran waɗanda shi kaɗai ya san sunayensu. Aka shafa, hannuwa suka nufi ganyen ayaba.

Mbah Kasmuri bai shafa ba. Yana zaune hannuwansa a ɗage, leɓensa na motsi ba sauti. Warsini ta matso ta taɓa kafaɗarsa ta ce masa an gama.

"Ba a gama ba," in ji shi. "Ko tsamiya ba mu wuce ba."