Ranar da Kekunan Ɗinki Suka Tsaya a Xintang

Mun tashi da asuba daga Bauchi, ana sallame salla muka faɗa mota, ni da wani dattijo maƙwabcina a kasuwar Wunti, wanda wannan ce fitarsa ta farko zuwa China. Jirginmu na Kano sai bayan azahar, amma wanda ya san hanyar Ningi ba ya wasa da lokaci. Ramukan da na bari bara suna nan daram, wasu ma har sun yi ƙanne. A Birnin Kudu muka tsaya muka sha kunu da ƙosai, dattijon, wanda kowa ke ce wa Alhaji, ya cika leda da ƙuli-ƙuli da yaji, domin an ce masa mutanen can ba abin da ba sa ci, shi kuma ya ce ba da cikinsa za a yi gwaji ba.

Muka yada zango a Addis Ababa, muka sake shiga wani jirgin, muka yi ta tafiya har ƙafafu suka kumbura. Da muka sauka Guangzhou, sanyi ne ya fara yi mana maraba, wani irin sanyi mai laima da ke bin ƙashi. Wanda ya zo tarbarmu wani mutumin Damagaram ne da ya daɗe a garin yana haɗa 'yan kasuwa da masana'antu. Yana jin Sinanci kamar a can aka haife shi, sai dai in ransa ya ɓaci Faransanci ke kufce masa. Shi ne idonmu da bakinmu a duk tafiyar.

Ya sauke mu a unguwar Xiaobei, inda za ka ji Hausa iri-iri a titi ɗaya: ta Kano, ta Maraɗi, da ta 'yan zangon Kumasi masu aikin loda kwantena. Kwanakin farko a kasuwa suka tafi. A Shisanhang in ka tsaya kallo, mai turin kaya zai ɗebe ka da ƙafa, ya ba ka haƙuri da yaren da ba ka ji. Kaya sun yi tsada fiye da bara, ko kuwa in ce nairarmu ce ta ƙara ramewa. Kalmar da Alhaji ya fara koya ita ce "meyo", wato babu, don ita ya fi ji duk lokacin da ya nemi ragi. A Tianhe kuwa, inda muka je saya wa yara wayoyi, ya ɗaga kai zai ga ƙarshen wani bene, hularsa ta faɗi, wata 'yar makaranta ta tsince ta miƙa masa da hannu biyu.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta muku wannan, a Xintang ya faru.

Xintang garin wandon jins ne. Ko'ina shuɗi: hannun ma'aikata, zaren da ke bin iska, har ƙurar bakin ƙofa. Akwai wata mata da na saba ba wa aiki, mai ƙaramar masana'anta a bene na biyu, ta haura shekara hamsin, mijinta ya rasu. Kowa Laoban yake ce mata, wato shugaba. Lokacin ana dab da hutun sabuwar shekararsu, wanda in ya zo, gari kan mutu murus na makonni. Saboda haka hankalina na kan a gama ɗinkina kafin ma'aikata su watse ƙauyukansu.

Mun isa da la'asar sakaliya. Ina cikin duba bakin aljihu da zif, sai na ji kekunan ɗinki suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na zaci wuta aka ɗauke, har na fara jin kamar ina gida. Sai na ga ma'aikata suna jawo kujeru gaban wata babbar talabijin da aka kafe a bango. Na dubi mutumin Damagaram.

"Maigida, yau sai haƙuri," in ji shi. "Ɗanta ne zai yi tsere a Turai. Ta ce ku zauna ku gani."

"Tseren me? Ƙafa ko mota?"

"Na ƙanƙara."

Ashe ɗan nata tilo ɗan wasan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara. Abin dariyar shi ne, a Guangzhou dusar ƙanƙara ba ta zuba, kamar dai a ce maka Bauchi ta fitar da gwanin tuƙin jirgin ruwa. Ta bakin tafintanmu Laoban ta ba mu labari. Yaron ɗan gudun ƙafa ne a makaranta. Wata shekara aka zo neman matasa masu huhu da ƙafa don a koya musu wasannin hunturu, aka ɗauke shi aka kai shi can arewa mai nisa. Ranar da ya fara taka ƙanƙara ya sha faɗuwa har ya kira ta yana kuka. Ta ce masa ya dawo, ya ƙi. Tun daga nan, da sanyi yana ƙasashen waje, da zafi yana atisaye a kan kwalta da wasu katakai masu taya. Yanzu ya kusa shekara talatin, kuma bai taɓa tsallake zagayen farko ba a irin wannan babbar gasa ta duniya. An gaya masa in bai tsallake a bana ba, za a ba wa matasa gurbinsa.

Alhaji ya ce a faɗa mata za mu taya ta da addu'a ya yi nasara. Da aka fassara mata, ta yi ɗan murmushi, ta yi magana a hankali tana murza zoben hannunta. Tafinta ya ce: "Ta ce ita ma ba ta san me za ta roƙa ba. In ya ci, ta sake rasa shi na wasu shekaru, ga ta ta tsufa, ga masana'anta ba magaji. In ya faɗi, zai dawo mata, amma da karyayyiyar zuciya."

Ban sake zancen zif ba.

Bari in kwatanta muku wasan, don ni ma ranar na fara ganinsa. Mutum yana ɗaure wasu dogayen katakai sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu. Ba gangara ce kawai za ka sulale ba, har tudu ake hawa da gudu, ana caka sanduna a ƙanƙara ana tunkuɗa jiki gaba. Wannan nau'in gajeren tsere ne, mintuna uku da 'yan kai an gama. A zagayen farko ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, kowa da agogo yake kokawa, mutum talatin da suka fi sauri su ne za su wuce.

Kai jama'a, akwai maza a duniya! Ƙarti ne dogaye, cikin matsattsun kaya, numfashinsu na fita kamar hayaƙin tukunya. In suka doshi tudu sai ka rantse a fili suke. 'Yan kallo sun cika gefen hanya suna kaɗa ƙararrawa, wasu da jarirai a goye cikin wannan sanyi. Duk wanda ya ƙetare layin ƙarshe sai ya zube warwas a kan ƙanƙara, ƙirji na hawa da sauka, yawu ya daskare a gemu. Na ga 'yan dambe, na ga manoma a gayya, amma ban taɓa ganin mutum ya ƙarar da ƙarfinsa kaf cikin minti uku haka ba.

Sai ga ɗan Laoban a bakin layi. Gajere ne a cikinsu, fuskarsa sak ta uwarsa. Ana sakinsa ɗaki ya ɗauki ihu: "Jayo! Jayo!" Na tambayi ma'anarta, aka ce mini "ƙara mai". Alhaji ya ce lalle waɗannan ba su san tsadar mai a ƙasarmu ba, amma kafin yaron ya kai tudu na biyu, muryarsa ta fi ta kowa tashi.

Ya gama, sunansa ya fito a tsakiyar allo. To a nan ne wahalar take, don akwai gwanaye da yawa da ba su taso ba, kuma duk wanda ya fi shi sauri sai ya tura shi ƙasa. Muna kallo yana gangarowa. Ya wuce na ashirin. Ya kai na ashirin da bakwai. Wata mai guga ta rufe fuska da ƙyalle. Laoban kuwa ta juya wa talabijin baya, ta ɗauki almakashi tana tsinke zare a jikin wani wando da ba shi da sauran zaren tsinkewa. Da na ƙarshe ya shigo, yaron yana na ashirin da tara. Ya tsallake.

Ba zan iya kwatanta muku ihun ba. Wani tsoho mai yankan yadi ya rungume Alhaji har hularsa ta karkace. Laoban ta ajiye almakashi, ta zauna a kan dilar yadi.

Akwai tazara kafin zagaye na gaba, magariba kuma ta yi. Da ta ga muna neman wurin salla, ta sa aka share kusurwa, ta warware sabon yadin jins da hannunta ta shimfiɗa mana. Muna idarwa muka tarar ta aika gidan abincin Musulmi an kawo mana taliyar hannu da naman rago. Alhaji ya yi ta fama da tsinken cin abinci, taliya na zille masa, daga ƙarshe ya barbaɗa yajinsa ya nemi cokali mai yatsu. Bai bar ko romo ba.

Bayan isha aka dawo. Yanzu shida-shida ake sakinsu a tare, biyun farko su wuce kai tsaye. A nan ne za ka ga dabara: wani ya laɓe a bayan wani yana fakewa daga iska, a kwana kowa na neman ciki, kafaɗa na gugar kafaɗa. Yaronmu, don zuwa lokacin ya zama namu, ya fita da zafinsa. A tudun farko shi ne na biyu, yana manne da wani ƙato da aka ce yana cikin zakarun duniya. Laoban ta miƙe tsaye.

A kwanar ƙasan tudu na biyu aka cakuɗe. Wani ya taka masa sanda, ta karye gida biyu. Muka ga yana tunkuɗawa da hannu ɗaya, ɗayan na kaɗa guntun sanda a iska, sauran suka wuce shi fuu. Sai wani mutum ya fito daga gefen hanya da gudu, dattijon Bature, sanye da rigar wata ƙasa daban, ya bi shi a guje yana miƙa masa sanda har ya cafke.

"Wancan nasu ne?" Alhaji ya tambaya.

"A'a," in ji tafinta. "Kocin wata ƙasa ne. Nasa ɗan wasan ma yana cikin tseren nan."

"Kuma ya ba abokin hamayya sanda?"

"An ce haka al'adarsu take. Wanda ya fi kusa shi ke miƙawa."

Alhaji ya girgiza kai, ya ce, "Allah mai iko."

Sandar ta yi masa tsawo, amma yaron bai saduda ba. Ya kamo ɗaya a kan tudu. A miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe ya yi kafaɗa da kafaɗa da wani, suna caka sanduna biyu a tare kamar masu sussuka, a bakin layi kowa ya wurga ƙafa gaba har suka kusa tsagewa. Na huɗu ya zo. Bai wuce ba. Ya kife a kan ƙanƙara, ƙaton nan da ya zo na ɗaya ya dawo ya dafa bayansa, ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Ƙaton ne kuma ya lashe gasar daga baya, da wani irin gudu a tudun ƙarshe da ya sa har tsohon mai yankan yadi ya tafa masa.

Muna shirin tafiya wayar Laoban ta yi ƙara. Ɗan nata ne, ta bidiyo, hancinsa ja wur, yana magana yana haki. Ta saurara, ta yi masa 'yan tambayoyi, ta juyo da wayar ya gaishe da ma'aikata, har mu ya ɗaga wa hannu. Da ta kashe, ta share ido da bayan hannu tana dariya.

"An ce zai ci gaba da zama a tawaga," in ji tafinta. "Ba zai zo hutun sabuwar shekara ba. Ta ce ta riga ta saya masa kayan da yake so, yanzu sai ta aika masa."

Washegari da muka koma, Laoban da kanta muka tarar a kan keke. Aka gama kayana kafin hutu, 'yan zango suka loda, muka yi sallama. Ta ba Alhaji wandon jins kyauta, shi da bai taɓa sa wani abu ba sai 'yar shara da babbar riga. Ya karɓa da hannu biyu ya ce "shiye-shiye", wato na gode, kalmarsa ta uku ke nan.

Mun dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Na je neman kaya, na dawo da abin da ba a sa shi a kwantena. Na ga mutum zai iya ba da ƙuruciyarsa gaba ɗaya don minti uku, kuma ko bai zo na ɗaya ba a miƙe masa tsaye. Na ga hamayya da ba ta kashe mutunci. Na kuma gane cewa bayan kowane wando da nake ratayewa a shago akwai masu nasu fargabar, irin tamu.

Da na je gaishe da mahaifiyata, na kwashe labarin duka na ba ta, har ina kwaikwayon yadda ake caka sanda. Tseren bai dame ta ba. Tambayarta ɗaya ce: ita uwar, wa ke taya ta zama? Na ce ma'aikatanta. Ta ja carbinta, sannan ta ce, "In ka koma ka gaishe ta. Ka ce ta bar shi ya yi gudunsa, Allah zai dawo mata da shi. Mu ma haka muke zaman jira, sai dai namu 'ya'yan ba a nuna mana su a talabijin."