Léontine Ta Sauka Ɗakin Ganguna

A garinmu Meursault, lokacin da nake tasowa, babu wahalar inabi da mace ba ta sha. Ta rage rassa cikin sanyi har yatsunta su tsattsage, ta ɗaure, ta tsinke 'ya'ya, ta ɗauko a baya. Amma da zarar an matse an zuba a ganguna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, to nan ƙafarta ta tsaya. Wai in mace ta sauka, giya tsami take yi. Har yau in na tuna zancen nan raina ɓaci yake.

Maƙwabciyarmu Léontine, wata gajeriyar mace mai murya kamar ta mai tallan kifi, ta daɗe tana bin dokar don a zauna lafiya. Sai wata shekara da kaka, ana gama tsinkar inabi, ɓarin jikin mijinta Firmin ya shanye. Surukinta kuwa, tsoho Anatole, gwiwoyi sun daɗe da hana shi matakala. Mabuɗin ɗakin kawai ya rage masa, yana rataye a wuyansa.

Ita kuwa farar giya ba ta jiran mara lafiya. Itacen ganga shanye ta yake a hankali, in ba a cike gurbin ba iska ta shiga ta lalata ta. Anatole ya ce a sayar wa wani dillalin giya na garin Beaune da gangunan duka, ya haɗa da tasa giyar ya liƙa sunansa. Kowa ya sani, gidan da ya fara haka, gona ce ke bin baya.

Léontine ta ce, "Baba, ba ni mabuɗin."

"Ki yi me da shi? Ki mayar mini da gumin shekara ruwan tsami?"

"Gumin wa? Tun da aka kawo ni gidan nan nake duƙe a gonar. Da hannuna na tsami ne, ai da tun a reshe ta lalace."

"Ubana bai taɓa barin uwata ta sauka ba."

"To je ka taso shi ya cike gangunan."

Ya ƙi ba ta mabuɗin. Ita kuwa ta aro guduma wajen babana, da rana tsaka, ƙofar gida a buɗe don kowa ya ji, ta ɓalle kwaɗon ta sauka.

Abin haushi, shekarar an sha ruwan ƙanƙara, rana ta yi ƙaranci, giyar kowa ta fito da tsami. Amma ta Léontine kaɗai aka gani. Wani mai gona ya tare ta a kasuwa yana dariya: "Uwar ganguna, a sam mana na zubawa a latas mana."

"Taka fa, wace mace ce ta sauka ta ɓata? Ko kai ne?"

Ba ta sayar wa dillalin ganga ko ɗaya ba. Shekarun da suka biyo giyarta ta yi kyau, masu dariya suka koma saye ta bayan gida. Anatole ne ya rantse ba zai ɗanɗana ba. Haifaffen Meursault, ya koma shan ruwa a kan abinci, yana yamutsa fuska kamar mai shan magani. Taurin kai dai gidan ya gada, har da matar da aka auro.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi ina wurin, ni na tallafo kansa. Ya ce a kawo masa giyar gidan, wadda Firmin ya yi.

"Ta Firmin ta ƙare tuntuni, Baba. Tawa ce ta rage. Ko ka sha, ko ka tafi da ƙishinka."

Ya daɗe yana hararar ta, sannan ya buɗe baki. Ya juya giyar a harshe, ya haɗiye.

"Da ɗan tsami," in ji shi. Ya turo kofin. "Ƙaro."

Hawaye na zubo mata, amma ta riƙe kwalbar gam. "Sai ka faɗi wa ya yi ta."

"Ke, ja'ira."

Ta cika masa kofin har baki.