Simintin da na shafa wa zauren kaka

"Buga nan ka ji," in ji tsohon maginin garinmu. Na ƙwanƙwasa bangon zauren da makullin moto, ya yi ƙara kamar ƙwarya wofi. Ya sa yatsa cikin tsaga, ya ɓanɓaro siminti, sai jiƙaƙƙiyar jar ƙasa ta zubo mini bisa takalmi.

"Wa ya sa mai wagga riga?"

Ni ne na sa mai ita.

Gidan kakanmu ne, a wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa. Da tubali anka gina shi, mulmulen hannu, rufin azara, zanko huɗu bisa kai. Muna yara, kowace bazara kafin ruwa ya sauka dangi kan taru a yi yaɓe. A kwaɓa ƙasa da makuba, mu tattake, manya su shafe. Daga baya munka watse, ni Yamai, wasu Kwatano. Shekara uku da sunka wuce na turo siminti na ce a rufe bangon duka, kowa ya huta. Har hoto na sa a waya ina taƙama.

"Ɗana, ƙasa numfashi take," in ji magini. "Ka toshe mata hanci. Ruwa ya shiga ta gindin indararo, ya rasa ƙofar fita."

Yayana, mai shago a Dogon Dutsi, yana zaune bisa moto bai ko sauka ba.

"Baba, bar wahal da kanka. A ture shi, a sa bulo da kwano. Gini ne fa, ba masallaci ba."

"Cikin wanga zaure anka raɗa maka suna, Alhaji," in ji magini.

"Cibiyata ma nan anka binne, in je in tono?"

Magini ya ce magani ɗaya ne: a ɓanɓare simintin kaf, bango ya sha iska, a yi yaɓe irin na da. Hannu goma yake so, kuma kafin ruwan farko. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, konjena kuma, hutun da anka ba ni wurin aiki, ran Litinin zai ƙare.

Na rubuta a gurup ɗin dangi. Kowa ya gani, ba wanda ya tanka. Na zagaya gidan sau uku, na zauna, na tashi, na duba waya. Gudumar magini na jingine bakin ƙofa. In na fasa simintin ba wanda ya zo, ruwa ya cinye bango tsirara. In na bari, ya ruɓe daga ciki.

Ku da kunka tashi a gidan ƙasa, in ku ne, za ku ɗauki gudumar nan?