Malam Gwadabe, Maƙerin Da Ya Ƙi Narka Azurfar Iyayenmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Gwadabe, maƙerin azurfa na Ƙofar Durbi. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Baba, ni ba malami ba ne. A jikin tsoffin jaridun da ake naɗe tsire na koyi haɗa baƙi, kuma ka san bakina ba ya da linzami. To yau ma ba zan sa masa ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu ta wajen Batagarawa, mun shigo birni ba mu da ko tabarma. Mahaifiyata ta kwance tsohuwar riyal ɗin azurfa da ta gada wurin kakarta, ta kawo rumfarka. Riyal ɗin ta goge sumul, kan matar da ke jikinta ya zama inuwa, hujin da ake zura zare ya buɗe saboda daɗewa a wuya. Ka auna, ka biya, muka sayi gero. Muna tafiya tana waiwayen wutar maƙerarka.

Bayan shekaru, ina tuƙa Keke, ka tare ni ka ce in kawo mahaifiyata. Ka juye mata riyal da tsoffin sulalla a faifai, ka ce, "Ɗiyata, rufe ido ki laluba." Yatsanta na sauka a kan wata mai lotsawa a gefe, inda yayanta ya taɓa ciza yana fitar da haƙori, sai ta damƙe abarta, ka bar mata. Ashe duk wadda matan gudun hijira suka kawo maka, ba ka taɓa jefa ta a wuta ba. Zobba da awarwaro da sabuwar azurfa kake ƙera su, kana cin riba kaɗan, 'yan'uwanka maƙera suna kiranka mai gadin tsummoki.

Ina nan ranar da wani dillali ya zo da sikelinsa yana cewa ai waɗannan sun goge, ba hoto ba rubutu, darajarsu nauyinsu ne kawai. Ba ka ko ɗago kai ba, ka ce, "Alhaji, mi ya goge su? Ƙirjin iyayen mutane ne. Ni ba ni da wutar da za ta ci wannan."

To Baba, mutumin nan ya dawo. A zaman makokinka, ba a ko yi sadakar uku ba, ya tsuguna kusa da babban ɗanka, Yaya Siddiq, sikeli na leƙowa daga aljihunsa. Bakinsa na "Allah Ya jiƙan rai", idonsa na kan akwatin da kake ajiye riyalolin. Dattawa suka riƙe ni, suka ce ba a ɗaga murya a gidan rasuwa. Nan kuwa takarda ce, babu mai riƙe ni.

Yaya Siddiq, na san gado haƙƙinku ne, Baba da guminsa ya saye su, ba wanda zai kai ka gaban alƙali. Amma ka san dalilin da ya sa ya tara su. Ka ba ni zuwa azumi. Zan bi unguwa-unguwa da Kekena, duk inda mutanenmu suka raɓe, in nemo masu su. In ka ƙi, ranar da za a kai su wuta za ka same ni zaune a bakin ƙofa tare da matan, sai ka faɗa musu da bakinka.

Shekaranjiya wata tsohuwa, Inna Baraka, ta zo neman Baba, ba ta ji rasuwar ba. Ɗiyarsa Safiya ta yi mata bayani, ta shiga ciki ta fito da faifan, dillalin na kallo. Ta ce, "Inna, rufe ido." Tsohuwar ta laluba ta ɗauki tata. Safiya ta ce a cire daga rabonta. Ɗaya ta tsira ke nan, saura na jira.

Baba, ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka, da maƙeran Ƙofar Durbi, da matan da ba su ma san sun yi rashi ba tukuna. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri da zuciya irin taka. Baba, ka tsare abin mutane daga wuta. Allah Ya tsare ka daga tasa. Amin.