Hasken da Ya Ratsa Ranar Duban Wata

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, bayan magariba, muna tsakar gida muna duban wata, sai wani haske ya ratsa sama ya nufi daji. Tafe yake ba ƙara, ya haska, ya dushe, ya sake haskawa. A ƙauyenmu, kusa da Yankara, mun sani in jirgin soja ya shiga daji, ɓarayin da ya koro ta kanmu suke biyowa. Ga surukata Inna ba ta iya tafiya, maigida kuma yana garin Sabuwa.

Ƙanin surukina, tsohon malamin makaranta, ya ɗauke madubin hangen nesansa daga wajen wata ya bi hasken.

"Baba, in goya Inna mu nufi rafi?"

"Dakata, 'yata. Ƙirga mani tsakanin haske da haske."

Na ƙirga bakwai, na sake samun bakwai. Ya ce ba fitilar jirgi ba ce, tauraron ɗan'adam ne mai faffaɗan fiffike yana juyawa. In faɗinsa ya fuskanci rana sai ya haska, in ya ba da gefe ya ɓace, kamar murfin kwano a hannun mai wanke-wanke.

"Ka tabbata, Baba?"

"Siffarsa kintata nake. Amma jirgi ba ya shiru haka."

Na shiga ɗaki na tarar Inna ta ɗaure kallabi, carbi a hannu, tana jiran in goya ta. Na zauna kusa da ita na ce mu yi isha'i tukuna. Sai da muka sallame na tuna ban tambayi ko an ga wata ba.