Kalmar da Ta Rage wa Kalilu

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Mai'adua ranar Lahadi ya san muryar Kalilu dillali tun kafin ya ga fuskarsa. Gajere ne kakkaura, sanda a hammata, goro a kumatu, kuma ba ya buɗe baki ya rufe sai ashar ya fita. Ba wai fushi yake ba. Gaisuwarsa ke nan, yabonsa ke nan, da shi yake tayawa, da shi yake sallamawa. In bijimi ya burge shi sai ya ɗaka masa duka a ƙugu ya ce, "Uwaka, ka sha dusa!" In ya yi tayi Bafulatani ya ce albarka, sai ya watsa masa yatsu biyar a fuska, daƙuwa ƙiri-ƙiri, ya ce, "Uwaka, albarkar me? Saniya ce ko kujerar Makka?" A yi dariya, a ƙara tayi, a sha hannu.

Amadu mai shayin bakin kara ya taɓa cin alwashin sai ya ƙirga masa ashar ɗin. Cinikin karsana ɗaya tak ya bi, ya haura arba'in, ya gaji ya koma kan butarsa. Dillalai uku ne masu suna Kalilu a karar, don haka in an ce Kalilu sai a ce wanne. In aka ce Kalilu Uwaka, an gama tambaya.

Aiki kam ya iya shi. Tun yana saurayi yake riƙe wa ubansa igiya, ya san dabba daga haƙori har kofato, kuma bai taɓa haɗa mai saye da saniyar sata ba. Da la'adar kara ya gina gidansa a Daura, ya sayi gona a hanyar Zango. Salla ba ta wuce shi. Ko ciniki ya ɗau zafi, da ladan ya ɗaga murya za ka ga leɓen Kalilu na biye da shi, har a kai la'ilaha illallahu, sannan ya juya ya ɗora zagin daga inda ya tsaya.

Malam Nu'uman, limamin unguwarsu, ya sha jan kunnensa.

"Kalilu, harshe doki ne. Inda ka saba kai shi, can zai nufa da kai ranar da linzami ya kuɓuce maka."

"Allah gafarta Malam, ai iyakarta baka, ba ta kai zuci ba. Ba ku kuka ce zuciya ake dubawa ba?"

Mutum ɗaya ne wannan amsa ba ta taɓa gamsarwa ba, ɗansa Saminu, wanda ya haifa da matarsa ta fari, Hadijatu. Saminu ya tashi cikin zagin kamar yadda ɗan mahauci ke tashi cikin ƙarni, amma hancinsa bai saba ba. Ran da aka yi sadakar ukun Hadijatu, yana ɗauke da bokitin kunu zai kai wa masu zaman makoki, ƙafarsa ta sarƙe da tabarma, kunu ya malale a gaban mutane. Kafin kowa ya ce sannu, hannun Kalilu ya tashi, yatsu a ware.

"Uwaka! Makaho ne kai?"

 Saminu ya ajiye bokitin, ya dubi ubansa.

"Tana kabari, Baba. Kai ka fara zuba mata ƙasa."

Lahadin da ta biyo ya hau tirelar shanu mai zuwa Legas, bai dawo ba. Kalilu ya ce ƙuruciya ce, yunwa za ta koro shi. Yunwa ba ta koro shi ba. Shekaru suka tura, Kalilu ya auri Zinariya, bazawara mai sanyin hali, furfura ta cika masa gemu. In direbobi suka ce sun ga ɗansa a kudu ya yi aure har da 'ya'ya, sai ya tofar da goro ya ce, "Uwasa," ya juya baya don kada a ga idonsa. Neman afuwar ɗa kuwa bai ga inda aka taɓa yi ba.

Likita ya daɗe yana ce masa yana da hawan jini, ya rage gishiri, ya rage hargowa. Ya ce likitan ya zo ya sayar da sa da raɗa a gani. Wata Lahadi da hantsi, yana tsakiyar ciniki, sandar ta sulluɓe daga hammatarsa, bakinsa ya karkace, ya zube a kan kashin shanu. Aka kwashe shi zuwa asibiti a Daura. Da ya farfaɗo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa. Zinariya ta sunkuyo ta ce, "Sannu Malam, yaya jikin?" Ya shirya amsa a ransa, da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya buɗe baki.

"Uwaka."

Ya sake gwadawa, ita ce dai. Likita ya ja Zinariya gefe ya ce hankalinsa na nan daram, yana ji yana ganewa, hanyar maganar ce ta toshe. Wani lokaci, in ji shi, abin da baki ya fi sabawa da shi ne kawai ke samun wucewa.

Aka dawo da shi gida, aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Makon farko mutanen kara suka yi ta zuwa dubiya, in ya amsa gaisuwa sai su kwashe da dariya su ce ai Kalilu ya warke, ga shi nan yadda muka san shi. Da suka lura hawaye ke bin kumatunsa duk sa'ad da kalmar ta fita, dariyar ta mutu, zuwan ma ya ragu. Matan maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga gidan. Zinariya kaɗai ta zauna da kalmar har ta koyi rarrabe ta. Akwai ta ƙishirwa, gajeruwa ce a bushe. Akwai ta fitsari, akwai ta ciwo mai ja. Akwai wata a hankali da yakan yi in ta gama goge masa jiki, wannan takan amsa da, "Ba komai, Malam, yi wa kai ne."

Malam Nu'uman ya zo da rubutu da tofi, ya zauna a gefen katifa.

"Kada ka yi gaggawa. Bi ni kaɗan-kaɗan. Ce la."

Kalilu ya ga kalmar a ransa sarai, kamar an rubuta ta a allo. Ya tattara ƙarfinsa, jijiyoyin wuya suka miƙe, gumi ya karyo.

"U... uwaka."

"A'uzu billahi. Sake dai. La."

Haka suka yi ta yi har Malam ya miƙe. A tsakar gida Zinariya ta tare shi, murya ƙasa-ƙasa, amma kunnen Kalilu bai shanye ba.

"Malam, in Allah ya karɓi abinsa a haka fa? Na ji ana cewa wanda kalmarsa ta ƙarshe ta zama kalmar shahada ya shiga Aljanna. Shi da wace zai cika?"

Malam ya ce mata Allah ba ya kama marar lafiya da abin da ya fi ƙarfinsa. Kalilu bai ɗauki wannan ba, tambayar ya ɗauka. Ciwo bai ƙirƙiro masa kalmar ba, shi ya yi kiwonta da hannunsa shekara da shekaru, ya ciyar da ita ta yi ƙiba, ga ta nan ta tokare ƙofa. Ya ce zuciya ake dubawa. To ga zuciyar cike da istigfari, baki ya ƙi ɗauka. Tun daga ranar abu ɗaya ya sa a gaba, kada ya mutu da ashar a bakinsa.

Da damina ta kankama, wata la'asar Zinariya ta jingina shi a rumfa yana shan iska, ita kuma tana tankaɗe. Hankalinsa na can wajen wani ɗan akuya da ke ƙoƙarin haura danga. Ladanin unguwa ya soma kira. Kalilu bai yi niyyar komai ba, leɓensa ne suka kama bi kamar yadda suka saba a kara, babu sauti, har aka zo ƙarshe. Sai ga murya, a dishe, a karkace, amma a cike.

"La'ilaha illallahu."

Rariya ta faɗi daga hannun Zinariya.

"Malam! Malam, sake faɗa! Don Allah sake!"

Ya ja numfashi zai sake, sai ya ji ɗayar ta taso daga maƙoshi, ta riga ta hau harshe. Ya datse haƙora. Dillali ya san in ciniki ya faɗa ba a ƙara magana, ƙarin ne ke warware shi. Ya samu ta ƙarshen da yake nema, abin da ya rage shi ne ya tsare ta.

Mutumin da kara guda ba ta iya rufe wa baki ya yi shiru. Ruwa, sai ya nuna randa da ido. Kwanciya ta huda masa gyambo a ƙugu, in Zinariya na wankewa da ruwan ɗumi sai ya cusa bakin zane a baki ya cije, jiki na ɓari, ko nishi ba ya bari ya fita da baki a buɗe. Malam Nu'uman ya ce masa ba sai ya azabtar da kansa haka ba, wanda ya ba shi sau ɗaya zai sake ba shi. Kalilu ya kau da kai. Ko ladan ma ya daina bi da leɓe, a zuci yake amsawa. Ya san dokinsa.

Zinariya ce ta nemi lambar Saminu wajen wani direba, ta kira shi ta ce in yana son ganin ubansa da rai ya taho. Ya iso da rana tsaka, ya yi jiki, gemu ya fito, sai ka ce Kalilu a shekarun ƙarfinsa. Ta nuna masa ɗakin, ta yi madafa da sauri don ta dama masa fura, ta bar bayani sai ya huta.

Saminu ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye.

"Baba, ni ne. Na zo."

Kalilu ya ƙura masa ido. Maganar da ya tara tun ranar kunun nan ta cika masa ƙirji.

"Na yi laifi da na tafi ban waiwayo ba. Ka yafe mini, ka sa mini albarka." Ya jira. "Sun ce kana ji. Ko kalma ɗaya ce, Baba."

Kalma ɗaya kuwa ita ce abin da ba zai ba shi ba. Sai ya yanke shawarar ya dafa kansa, kowane ɗa ya san wannan. Hannun dama ya mutu, na hagun ya ɗaga. Hannun ya tashi, ya miƙe iyakar tsawonsa, yatsun suka baje suna neman kan da ya yi musu nisa. Nan ya tsaya a sama, tafin na kallon fuskar Saminu, daidai lokacin da ɗan ya ɗago kai.

Saminu ya dubi yatsun nan biyar, ya daɗe yana dubansu.

"Har yanzu, Baba? Har a kan wannan katifar? Me ta yi maka ne, baiwar Allah nan? Ƙasa ta cinye ta, kai ba ka gama da ita ba?"

Ya miƙe. Kalilu ya ji sunan ɗansa na dukan haƙarƙarinsa, Saminu, tsaya, matso. Ya san sarai abin da zai fita in ya saki haƙora, da wanda zai faɗa wa, da abin da zai rasa. Ya ƙara datsewa har goshinsa ya jiƙe. Zinariya ta shigo da kwanon fura ta tarar da hannun a sama, ta gane nan take, ta dire kwanon ta bi Saminu zaure ba ko mayafi.

"Saminu, tsaya ka ji! Kanka yake nema, wallahi kanka yake nema zai dafa!"

"Inna, na san hannun ubana. Da shi na girma."

Kalilu na kwance ya ji tashin babur a ƙofar gida, ya bi ƙararsa da kunne har ta ɓace. Sannan ya sauke hannun. Zinariya ta yi ta kiran lambar, ba a ɗauka, daga baya ma ta daina shiga.

Ya cika da kaka, ana tsakiyar yankan gero, wata safiyar Laraba, Zinariya na riƙe da hannun nasa na hagu tana maimaita masa shahada. Bai buɗe baki ba. Wanda ya yi masa wanka ya yago ƙyalle zai ɗaure haɓa kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, ya taɓa muƙamuƙin ya ji shi gam, sai ya ajiye ƙyallen.

Ranar Lahadi Amadu mai shayi ne ya kai labari kara. Wani falke da ya shigo ta iyakar Kongolam da shanunsa ya ji ana salati, ya matso.

"Wa ya rasu?"

"Kalilu dillali."

"Wanne daga ciki?"

Amadu ya nemi wata hanyar da zai kwatanta shi, gajeren nan, na Daura, mai sanda a hammata. Falken ya girgiza kai, bai gane ba. Amadu ya sauke murya.

"Kalilu Uwaka."

"Ayya! Allah ya jiƙansa, ya sa ya cika da kyau da imani."